Hob ɗin Malam da Tandun Kwalli

Auta, ni ce yayarka Rabi ke riƙe da biro. Na zo Faskari daga Ƙanƙara duba Inna, na ishe ta ta baje kayan adakarta a tsakar ɗaki. Ta ce kada in kwance goyo sai na nemo takarda. Ta ce duk abin da ya fito daga bakinta shi zan rubuta, kada in gyara mata magana. To ga shi nan yadda ya fito.

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Assalamu alaikum, Auta. Ina gaishe ka, ina gaida maigidan da ya ɗauke ka aiki a shagonsa, duk da ban san fuskarsa ba. Allah ya sa ka sauka Abuja a sa'a. Allah ya tsare ka da sharrin hanya, da sharrin mota, da sharrin mutumin da zai yi maka dariya alhali bai ƙaunarka. Allah ya sa hannunka ya ciyar da kai kamar yadda hannun babanku ya ciyar da mu.

Ba labarin gida na zauna ba ka ba. Kowa lafiya. Magana ɗaya ce ta sa na tsare Rabi.

Na buɗe adaka ina neman zanen zuwa suna, sai na ga tsumman da nake naɗe hob ɗin babanku a ciki, an ninke shi tsaf, babu kome ciki. Na san ba ɓarawo ba ne, don ɓarawo ba zai tsaya ninke mani tsumma ba. Da na sa aka kira ka a waya ai ba ka yi musu ba. Ka ce, "Inna, hujinsa talatin da biyu ne, daidai da rim ɗina. Da shi zan saƙa ƙafar gaba ta keken tseren da zan hau bayan Sallah. Ina so Baba ya kasance gabana." Na ce maka ya tsage. Ka ce ka goge shi, ka haska shi da fitilar waya, ba ka ga kome ba. Sai "to Inna, to Inna," irin wadda kake yi mani tun kana yaye in ba ka da niyyar ji. Sannan sabis ya ɗauke.

To ga shi a takarda, ita sabis bai ɗauke ta. Hob ɗin nan ya tsage. In ka saƙa ƙafa a kansa ka hau, zai kayar da kai a kan fuskarka.

Ji Rabi, wai mi ne ne hob. Ɗiyar mai gyaran keke ke nan fa! Cibiyar ƙafar keke, ke! Ƙarfen nan na tsakiya mai kunnuwa biyu da huji-huji, inda wayoyin da suka taho daga rim, zoben da taya ke zama a kai, ke taruwa, sandar aksul ta ratsa ta cikinsa. Kin sha wasa da shi kina ƙarama, kina cewa turminki ne. Rubuta.

Auta, na san mi kake cewa a ranka: Inna ta tsufa, Inna ba ta taɓa ganin keken tsere ana gudu da shi ba sai a waya. Gaskiya ne. Amma bari in tuna maka wadda ke magana. Ni ce matar da ake kawo wa ƙafar keke daga Mairuwa, daga Sabuwa, har daga Ƙanƙara da ke da nata masu gyara, a ce a kai wa matar Malam ta saƙa. Ban taɓa shiga aji ba, sunana ma sai dai in dangwala yatsa. Amma abin da na sani a kan hob, dukansa da kuskure na saye shi, kuma zan jera maka su don kada ka sake biyan abin da na riga na biya.

Farkon abin, da kaka ne. Ka san da kaka kowa ke tuna yana da keke, don za a yi jigilar dawa da masara. Zaure ya cika, Malam babanku bai samun ko cin abinci. Ya shigo da wata ƙafa cikin gida yana saƙa waya yana shan fura, ni kau ina gefe ina ɗinkin faifai. Na kalle shi na kalle shi, na ce, "Malam, wannan ai saƙa ce. Wannan ta bi sama, wannan ta bi ƙasa." Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "To Hajo, tunda saƙa ce, ga kwandon hob nan, ga rim, ga waya. In na dawo daga masallaci in ishe faifan ƙarfe."

Ni kau na zura hannu cikin kwando na ɗauko wanda ya fi mani kyau a ido. Ban ƙirga huji ba. Rim ɗin talatin da biyu ne, hob ɗin da na ɗauko talatin da shida. Na yi ta saƙa ina jin daɗin kaina, sai da na zo ƙarshe na ga huji huɗu sun yi mani zuru, ba su da wurin zuwa. Maimakon in kwance, sai na rarraba su, na tsallake nan na tsallake can, wai Malam ba zai lura ba. Ya dawo, ya ɗora ƙafar a fok, ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, ya juya ta. Auta, ƙafar nan rawa take kamar amaryar da ta ji kalangu. Ya ce, "Hajo, wa za mu sayar wa wannan? Sai dai maroƙi."

Saboda haka abu na farko, ba idonka ke zaɓen hob ba. Rim ke zaɓe. Ka ƙirga hujin rim kafin ka taɓa kwando. Ka ce mani kekunanku na yanzu wasu waya ashirin ce kawai a gaba, wasu ashirin da huɗu, don a rage nauyi. To, ban hana ba. Amma ka dubi mai hawan tukuna. In ƙato ne mai tumbi ya zo yana so a yi masa irin ta yaron da iska ke iya ɗauka, ka gaya masa gaskiya, ka ƙara masa waya. Ka kuma tambaye shi wace hanya yake bi. Kwaltar da ka nuna mani a waya sumul take kamar daɓen ɗakin amarya, amma ai ba duk garin ne haka ba.

Da hannuna ya faɗa, sai ƙafafu suka fara shigowa ta ƙofar zaure suna fita saƙaƙƙu. Malam bai taɓa ɓoyewa ba. In an yaba, sai ya ce, "Ba ni ba ne, mai ɗakina ce." Akwai mazan da suka yi masa dariya a majalisa. Su ɗin dai su suka riƙa aiko ƙafafunsu ta bayan gida.

Kuskure na biyu, nauyi. Mu nan ai da nauyi muke sanin abin kirki. Buhu in bai yi nauyi ba, ƙaiƙayi ne. Tukunyar ƙarfe in ba ta yi nauyi ba, ba ta kai baɗi. Haka na ɗauka hob ma yake. Sai ga wani malamin asibiti an kawo shi aiki nan, ya zo da keke siriri, tayarsa kamar yatsana, ƙahonsa a lanƙwashe ƙasa kamar na rago. Shi ne keken tsere na farko da na taɓa gani. Hob ɗinsa na gaba ya cinye. Na ce wa Malam a sa masa na kirki, irin na 'yan dakon hatsi, wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi ɗingishi. Na saƙa shi da kyau, kai, ƙafar nan ko ƙwayar gero ba ta kauce ba. Da aka zo sawa, sandar aksul ta ƙi shiga bakin fok, ta yi masa kauri. Faɗin ma bai zo daidai ba.

Wani maƙwabcin Malam da ke zaune a zaure ya ce, "Kawo zarto a ɗan ci bakin fok ɗin mana, a buɗa shi da ƙarfi. Ai haka ake yi." Ina jin su ta bayan asabari, har na ce a raina wannan ya kawo dabara. Malam ya ce, "In takalmi ya matse ka, ƙafarka kake yankewa?" Ya shigo da ƙafar ya aje mani ya ce, "Kwance." Na kwance ta waya ɗaya-ɗaya, ina hawayen haushi.

To ka ji. Kada ka taɓa cin fok don hob ya shiga, kada ka buɗa shi, kada ka matse shi. Fok shi ke riƙe da ran mutum. Tun daga ranar nake karyo tsinken tsintsiya in auna tsakanin ƙafafun fok, in ba Malam ya sa a aljihu ya tafi kasuwa da shi. Kai kana da abin awo na ƙarfe mai lamba, ka yi amfani da shi. Ka ce yanzu akwai masu sandar da ake zarewa da hannu, akwai masu ƙatuwar sanda da ake murɗawa ta ratsa fok, akwai kuma masu birkin faranti a tsakiya. Waɗannan ban san su ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na san kowane fok da irin hob ɗin da yake karɓa. Ka tambaye shi kafin ka je saye. Kuma kada ka raina hob don bai da nauyi, kada ka yarda da shi don bai da nauyi.

Rabi, miƙo mani ruwan nan. A'a, wannan ba sai kin rubuta ba. To, kin riga kin rubuta, bar shi.

Bayan rasuwar Malam, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa, ai kana tunawa ni ke zuwa kasuwar Ƙanƙara da kaina sayen kaya, tunda tsufa ya buɗe mani ƙofa. Ran farko na tsaya gaban wani mai kayan keke, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, layin 'yan daddawa yana can gaba." Na ce, "Na gode, ɗana. Miƙo mani hob ɗin gaba." Ya miƙo wani yana walƙiya, har kana ganin fuskarka a jiki. Ya ce, "Wannan ko a Kano sai wane da wane." Walƙiyar nan ta tafi da ni, ga kunyar maza sun taru suna kallon tsohuwa na sayen hob. Na karɓa na ƙulle a gyale na taho ban juya shi ba. Da na zo gida na murza aksul tsakanin yatsuna, sai na ji gurus-gurus, kamar ana tauna tsakuwa a tuwo. Na buɗe, ciki a bushe ƙayau, babu giris, ƙwallayen boris ɗin ma ba su yi girma ɗaya ba.

Kasuwa ta zagayo na koma. Na ce, "Ɗana, kawo kunnenka." Na ɗora masa ƙarshen aksul a ƙashin bayan kunne na juya hob ɗin. Ya zabura ya ce, "Kai! Inji niƙa!" 'Yan kasuwa suka kwashe da dariya. Ya sake mani wani. Daga nan in ya hango ni sai ya ce wa yaransa, "Ku ɓoye na banzan, ga Hajiya Mai Kunne nan." Har ya bar kasuwa muna mutunci.

Saboda haka kowane hob za ka saya, ko a kwali yake da rubutun Turawa, ka fito da shi. Ka riƙe aksul ka juya a hankali, ba da gudu ba, don da gudu kowane hob gwani ne. Ka ji shi da yatsa, ka ji shi da ƙashin kunne. Sannan ka girgiza aksul ɗin gefe da gefe ka ji ko yana ƙwas-ƙwas. Ko irin naku ne mai rufaffen boris da ba a buɗewa, yatsa bai yi maka ƙarya. In kuma mai kon ne, ɗan ƙarfen da ake ɗaurewa ya riƙe ƙwallayen, kada tsoro ya sa ka ƙulle shi tamau. Na yi wannan ma. Don gudun kada ya yi wasa na matse na wani mai dakon itace har ƙwallayen suka ci ramin da suke gudu a ciki. Ka bar masa ɗan numfashi, don in an ɗaure ƙafa a fok zai ƙara matsewa da kansa. Kai ma ai numfashin na bar maka, shi ya sa kake Abuja. Da don son raina ne, da kana nan zaure ina jin ƙarar sifanarka.

Yanzu ka gyara zama, don ga wanda ya sa na ce a kawo takarda. Wannan tun Malam na da rai ne, kai kana goye.

Akwai Malam Garba mai ƙwai, mutumin Sabuwa. Shi ke bin ƙauyuka yana sayen ƙwan zabi da damina, ya jera a kwando da ƙaiƙayi ya ɗaura a keke, gaba da baya. Rim ɗinsa na gaba ya lotse, ya sayo sabo, ya ce a saƙa masa a kan tsohon hob ɗinsa. Malam ya ce ya sake hob ɗin gaba ɗaya mana. Ya ce a'a, na yayansa ne da ya rasu, shi kaɗai ya gada daga gare shi, bai rabuwa da shi. Ka ji maganar ta yi kama da ta wani da ka sani?

Aka shigo mani da shi. Ina zura waya, sai na ji farcena ya ɗan tsaya a kunnen hob, tsakanin huji da huji. Na ɗaga shi a rana, ban ga kome ba. Na sake bi da farce, na sake jin ya tsaya. Na ce a raina ƙila ƙarzuwa ce. Kuma mutum ya ce na mamacinsa ne, da wane baki zan aika masa cewa ya jefar? Na saƙa, na ja wayoyin, ƙafa ta miƙe sak. Ya karɓa yana sa mani albarka.

A gangaren da ke kafin Mairuwa abin ya faru. Kunnen hob ɗin ya yage, wayoyin gefe ɗaya suka saki a tare, ƙafar ta naɗe ta cushe cikin fok. Keke ya tsaya cak, Malam Garba bai tsaya ba. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce da farko sun zaci ƙwaƙwalwarsa ce ta fashe, ashe ƙwai ne ya wanke shi tun daga hula har takalmi. Rabi, bar dariya. To, ni ma daga baya na yi, shi ma ya yi, amma da bakin da babu haƙoran gaba ya yi ta. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, damina ta wuce yana gidan mai ɗori, hannun nan bai sake ɗaguwa sama da kunne ba har ya koma ga Allah. Kuma shi tafiyar mai ƙwai yake yi, a hankali. Kai fa? Na ga yadda kuke gangarowa a wayarka, kai a ƙasa, gindi a sama, cikin wandon nan da kamar an zuba mutum a safa. Wandon ma akwai magana a kansa, amma ba yau ba.

Ka riƙe wannan: ƙafar baya in ta ci amanarka, zaunar da kai take yi. Ƙafar gaba jefa ka take yi.

Da aka kawo ragowar keken, Malam ya shigo mani da hob ɗin. Lokacin na gama sa kwalli ke nan, da sauransa a yatsana. Ina jujjuya shi ina shafa ɗaya kunnen da bai yage ba, ina ta istigifari. Da na goge da haɓar zane, sai na ga wani baƙin zare siriri ya fito daga wani huji ya nufi baki. Kwallin ya shige cikin tsagar ya zauna, gogewa ba ta fitar da shi ba. Tsagar da rana ba ta nuna mani ba, kwalli ya nuna.

Tun daga ranar babu tsohon hob da ya sake wucewa ta hannuna ban yi masa kwalliya ba. In wanke shi da kananzir, ya bushe, in ɗiga man gyaɗa kaɗan a kwalli, in shafa a kunnuwan ciki da waje, in bari ya ɗan jima, in goge. In ya fito fari tas, bismilla. In zare ya fito, ko na wane ne, ko wa ya bar masa, ba ni saƙawa. An yi fushi da ni a kan haka. Wani har ya ce ƙarfe nake yi wa duba. Amma ka zagaya daga nan har Sabuwa ka tambaya, bayan Malam Garba, wa ya sake faɗuwa a kan ƙafar da na saƙa? Rabi, rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Babu.

To, hob na farko da na gwada bayan na Malam Garba, na babanku ne.

Ka san labarinsa, don ni na sha ba ka. A cikin tarin tsofaffin kekunan gwanjo ya tsinto shi a Funtuwa, farin ƙarfe marar nauyi, mai manyan kunnuwa, yana juyawa shiru kamar ruwa a randa. Ya sa a kekensa, bai bari kowa ya taɓa. Shi ya ɗauki masararmu shekara da shekaru. Shi ya kai ni asibiti ina naƙudarka, Malam na tuƙi yana cewa, "Hajo, riƙe shi, kada ki haifa mani ɗa a kan kariya." Wannan labarin na ba ku har kun haddace. Wanda ban ba ku ba shi ne dalilin da ya sa hob ɗin ya bar keke ya koma adaka. Mai daɗin na riƙa ɗaukowa, na bar ɗayan a ƙasa, ban san wata rana za ka girma ka ninke mani tsumma ba.

Na ce, "Malam, kawo naka ma." Ya ce, "Nawa lafiyarsa lau." Na ce, "To mi zai same shi in ya sa kwalli?" Ya kawo yana gunaguni. Na shafa, na goge. Zare ya fito a kunnen dama, ta ciki, inda waya ke kwantawa, daga huji zuwa na kusa da shi. Ya daɗe yana kallo. Ya sa farce ya bi. Sannan ya ce, "Hajo, ke da kwallinki kun raba ni da abokina." Ya ɗauko abin kwance waya, ya zauna a bakin ƙofar nan da Rabi ke zaune yanzu, ya kwance ƙafar da hannunsa. Bai kai gobe ba. Ya wanke shi tas, ya miƙo mani ya ce in aje, ya yi aikinsa, ya huta.

Ka ji mutumin da kake so ka sa a gabanka. Shi da ya fi kowa son hob ɗin nan, shi ya cire shi. In ka maida shi kan hanya, ba girmama babanku ka yi ba, warware hukuncinsa ka yi.

Kuma ka tuna abin da ka gaya mani da bakinka kafin ka tafi. Ka ce wayar keken tsere ana jan ta har sai ta yi ƙara kamar tsirkiyar gurmi, ta fi ta keken dako ɗauri nesa. Ka ce kuma ƙafar gaba kuna yi mata saƙar da ba a gitta waya, kowace ta miƙe daga cibiya zuwa rim. Na ce maka ta yi kyau, kuma ta yi. Amma na kwana ina tunaninta. Wayar da aka gitta a karkace take jan kunne, inda ƙarfe ke da yawa. Wadda ta miƙe, baki take ja kai tsaye, inda ƙarfen ya fi sirantaka. Ko sabon hob ne, in za ka yi masa irin wannan saƙa, ka duba akwai nama sosai tsakanin huji da baki, ka kuma tambaya ko an yi shi don haka. Balle tsoho mai tsaga da ya sha buhunan masara.

Auta, ni fa alfahari nake da kai, kada faɗa ya rufe maka wannan. Da babura suka cika gari, zaure ya yi shiru, na ɗauka sana'ar nan tare da ni za a binne ta. Yayyenka kowa ya kama gabansa, ban ga laifinsu ba. Kai ka zauna gefena kana miƙo mani waya har hannunka ya fi nawa. Ranar da ka juya ƙafa a gabana na sa tsinke a gefen rim ban ji ya taɓa ko sau ɗaya ba, ɗaki na shiga don kada ka ga idona. Yanzu in mata sun tambaye ni a gidan biki, sai in ce yana Abuja, manyan mutane ke layi ya saƙa masu ƙafa. Ko ba su fara layin ba tukuna, za su fara. Abin da babanku ya bar maka yana cikin yatsunka, da shi za ka yi tsere. Hob ɗin kau ka buga ƙusa a bangon shago ka rataye shi inda za ka riƙa ganinsa. In wani ya zo da tsohon hob yana cewa na mamacinsa ne, ka sauko da shi ka nuna masa zaren, ka ce ni ma ga nawa.

Ban ce ka yarda da ni ba. Ka ce ka duba ba ka gani ba, na yarda, ni ma ban gani ba sai da kwalli ya nuna mani. Ga tanduna nan na kwance daga haɓar zane, Rabi za ta ba direban da ke zuwa wajenku tare da takardar nan. Kunnen dama, ta ciki. Ka wanke, ka shafa, ka goge, ka duba da idonka.

Rabi na cewa wai ai akwai kwalli a Abuja. Na sani, sarkin sani. Nawa nake so ya je. Kuma shi ke nan gare ni, ba ni sayen wani, ba ni aron na kowa. Tun ina budurwa ba a taɓa ganina da farin ido ba, ko ranar da na haife ka. To yanzu za a gani. Duk wadda ta tambaye ni ko lafiya, zan ce Auta nake jira. Ranar da ka kira ka ce mani, "Inna, na ga zaren, na rataye shi," ranar zan sa kwalli.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya sa duk ƙafar da ka saƙa ta kai mai ita gida. Allah ya kare ka da faɗuwa, kai da waɗanda za ku yi gudu tare, har wanda zai wuce ka. Allah ya maido mana da kai lafiya ta hanyar nan da ta zama sai addu'a. Ka riƙe salla. Ka ci abinci.

Na gaji, Rabi. Ya isa haka.

Auta, Rabi ce kuma. Inna ta jingina da bango, ba barci take ba. Tandun na hannuna, da ɗuminsa. Har ta goge kwallin idonta da haɓar zane ina kallo, kuma wallahi ban saba ganinta haka ba. Ka kira.